Ɗigon Jabel a Robar Inna

Shekarun baya, tun gemuna bai fara furfura ba, na yi aikin manebur a ƙaramin asibitin garinmu, can ƙasar Gidan Runji, ba nisa da Gidan Sori. Aikin bai wuce shara ba, da ɗebo ruwa, da wanke almakashi da kwanoni, da ƙona auduga a rami. Karatuna ya tsaya a aji shida na lakol. Satifika ma ban ci ba, don ranar jarrabawa na tsaya goge amsa ina sake rubutawa har takarda ta huje. Na faɗi wannan ne don ku san irin mutumin da ke ba ku labari. Ni ne mai alwala uku kafin salla ɗaya. Ni ne mai kulle ƙofa, in yi taku goma, in dawo in girgiza kwaɗo. A garinmu Malam Waswasi ake kirana, kuma ina amsawa.

Wata shekara aka kawo wani sabon aiki. Majo, wato babban ma'aikacin jinyar da ke riƙe da asibitin, ya kira ni buro, ofishinsa ke nan, ya nuna mini kwali cike da ƴan robobi masu jan murfi, kowace a cikin ledarta, da ɗan cokali manne a murfin. Ya ce duk wanda ya zo da zazzaɓin da ya ƙi sauka, ko gudawa mai zafin jiki, za a karɓi ɗan bayan gidansa a roba, a sa a kula, wato akwatin sanyi mai ƙanƙara, ni kuma in kai labo, ɗakin gwaje-gwaje, a Maraɗi bisa babur, sau biyu a mako. Wata ƙwayar cuta ake nema, sunanta salmonela, ita da danginta ke kawo taifot. Ya ce ba mu kaɗai ba ne, ana yin haka a asibitoci da dama, daga wajenmu har Cadawa da Gazawa, don a gane inda cutar ta fi yawa.

“Ka ba mutum roba, ya kawo, ka rubuta lamba, ka sa a kula,” in ji shi. “Ka gane?”

Na ce na gane. Bai ce mini kar in wanke ba. Ba laifinsa ba ne, don babu mai hankalin da zai yi tunanin akwai wanda zai wanke abin da ya zo a rufe daga kamfani.

Kwana biyu da ajiye kwalin a magaza, ɗakinmu na ajiya, na ga kashin ɓera a gefensa. A gefensa fa, ba a cikinsa ba. Amma zuciyata ta fara aikinta. In ɓera ya hau kwali, ya hau leda. In ya hau leda, wa ya san ko akwai ƴar huda da ido ba ya gani? Sai na ɗauko jabel, ruwan nan mai kashe ƙwayoyin cuta da nake wanke daɓe da shi, na haɗa da ruwa a bokiti, na buɗe robobin nan ɗaya bayan ɗaya na tsoma, na kife su bisa faranti a bayan magaza. Ban ɗauraye da ruwa ba, don a ganina ruwan rijiya shi ma abin zargi ne.

Da na tsaya nan da sauƙi. Ranar da na fara ɗaukar kula zuwa Maraɗi, azahar ta riske ni a hanya. Na tsaya wani masallaci, ina salla ina tunanin najasar da ke ɗaure bayan babur, ko warinta ya kama rigata, ko sallar ta yi. Sai kuma na tuna bayin Allah na labo da za su buɗe wannan abu da hannunsu. Na ce a raina, ai rashin kirki ne ka miƙa wa mutum cuta ɗanya. Daga ranar, duk robar da aka kawo mini, sai in buɗe in ɗiga mata jabel kafin in rufe. Wallahi a lokacin har lada nake jin ina samu.

Sakamako ya fara dawowa. Faransancina gajere ne, amma akwai kalma ɗaya da na haddace a takardun nan saboda yawan ganinta: negatif. Wato babu. Mako bayan mako, babu, babu, babu.

Ina da taubashi, ɗan kawuna, ƙanin mahaifiyata. Shi ma irin aikina yake yi a wani asibiti kusa da Cadawa, kuma sau da yawa mukan haɗu a ƙofar labo, kowa da kularsa. Shi ɗan namiji, ni ɗan mace, don haka tun muna yara ba ya kirana sai da bawana. Mutum ne da ba ruwansa da komai. Zai sauke kula, ya goge hannu a wando, ya sayi ƙosai. In na yi magana sai ya ce, “Bawana, cuta ma tana jin tsoron mai ƙarfin hali. Kai take nema, mai rawar jiki.”

Takardunsa shi ba duka negatif ba ne. Kusan kowane zuwa sai an samu mai ɗauke da ƙwayar. Wata rana Majo ya dawo daga wani taro da taswira mai launi, ya manna a bangon buro. Wajen Cadawa da Gazawa ja. Wajenmu kore shar kamar gonar wake a tsakiyar damina. Mai gari da kansa ya zo ya kalla, ya sa hannu a kan koren, ya ce dama kakanninsu sun ce rijiyar garin nan ba irin ta kowa ba ce. Majo ya ce an yabe mu a taron. Maganin tsabtace ruwan sha da aka raba a shekarar ma wuraren ja aka kai, mu aka ce ba mu da buƙata.

Na samu abin da nake nema. Haɗuwarmu ta gaba a ƙofar labo, tun kafin ya kashe babur na tare shi.

“Sarkin ja! An ce garinku har taswira ta ji kunya ta sauya launi. Mi kuke ci ne can gabas?”

“Abin da uwarka ta ci ta girma, bawana. Ai gwaggo ƴar gidanmu ce.”

“Ta gudo, shi ya sa ta tsira. Ku koyi wanke hannu, ko ku zo in ba ku darasi kyauta.”

“Kai dai riƙe tsintsiyarka. Shara gadon ɗan mace ce.”

Masu kabu-kabu da ke wurin suka yi ta dariya, ni kuwa na fi kowa. Duk lokacin da na tuna dariyar nan, sai in ji kamar in tona rami in shiga.

Akwai wata mata a labo, ita ke karɓar kulolinmu. Madam muke ce mata. Sau ɗaya ta tsayar da ni ta ce, “Malam, naku yana ba ni mamaki. Mutanenku suna shan maganin kasuwa kafin su zo asibiti? Ko kula tana yin zafi a hanya?” Na ɗauka ana zargina da ƙazanta. Na ce in sha Allahu zan ƙara kula. Na koma gida na ƙara ƙanƙara. Na kuma ƙara jabel.

Da damina, lokacin maimai, mahaifiyata ta kwanta.

Ni ne ɗan farinta. Waɗanda suka san gidajenmu sun san abin da wannan ke nufi. Tunda nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In tana son wani abu a wajena sai ta ce wa matata, “Ki gaya wa wancan,” ko da ina zaune taku biyu daga tabarmarta. Ni ma ban iya haɗa ido da ita. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma a cikinta muka rayu lafiya.

Zazzaɓi ya kama ta, da ciwon kai, da ciwon ciki. Majo ya ɗauki jinin yatsa, ya nuna akwai masassarar sauro, abin da da damina rabin gari ke da shi. Ya ba ta magani. Da zazzaɓin ya ƙi sauka, ya ce a kawo bayan gidanta a kai Maraɗi. Ta ce Allah ya kiyaye, tunda ta san wanda ke ɗaukar kula. Sai da matata ta yi yini tana lallashi, sannan ta fito mini da robar naɗe a tsumma, ta miƙo mini tana kallon gefe.

Na tsaya a bayan magaza da robar nan a hannu. Tunanin da ya zo mini ba na cuta ba ne. Tunanina shi ne baƙi za su buɗe, su ji warin mahaifiyata. Na wasu ɗigo ɗaya nake sawa. Nata sai na cika murfin kwalbar jabel na juye. A raina sutura nake mata.

Bayan kwana uku na karɓo takarda. Negatif. Na kawo wa Majo ina murna.

“To, alhamdu lillahi, ba taifot ba ce,” in ji shi. “Dama ƙasarmu ba mu cika ganinta ba. Masassarar ce ta yi taurin kai.” Ya sauya mata maganin zuwa allura, ya sa mata ƙarin ruwa.

Amma Inna sai ƙara lalacewa take. Ta daina karɓar ko kunu. Laɓɓanta suka bushe suka tsage. Takan buɗe ido ta yi magana da mahaifinta wanda ya rasu tun ban yi wayo ba. In aka taɓa cikinta sai ta ɗauke numfashi. Ni kuma na duƙufa wanki. Na wanke ɗakinta da jabel, na wanke kwanonta, na wanke randa. Abin da na iya ke nan.

Wata safiya taubashina ya zo duba gwaggonsa. Da ya fito daga wajenta aka ce masa ina asibiti, sai ya zagayo bayan magaza ya same ni tsugune, ga bokiti, ga faranti cike da robobi a kife.

“Bawana, sana'ar sayar da yaji ka buɗe?”

“Aikin da ba ku yi a Cadawa nike yi. Tsabta.”

Ya sunkuya ya ɗauki ɗaya, ya kai hanci. Na ga dariyar ta bar fuskarsa.

“Mi ke cikin bokitin nan?”

“Jabel.”

“Robobin labo kake wankewa da jabel?”

“Har ɗigo nike sa wa abin in an kawo. Don wari, kuma don kar ya kama su Madam.”

Sai ya kira ni da sunana na yanka. Tun muna yara ban taɓa jin ya yi haka ba, kuma wannan ya fi komai tsorata ni.

“Na gwaggo fa? Shi ma ka sa?”

Na ce, “Nata ma ya fi yawa.”

Ya zauna a ƙasa, bisa jiƙaƙƙen yashi, da fararen kayansa. Ya ce, “Kai, shuka shi suke yi. Majonmu ya gaya muna tun ranar farko. Ƙwayar suke so da ranta, su shuka ta su ga ko za ta tsiro. Kai kana soya iri sannan ka kai gona.”

Na ƙi yarda. Ba don maganar ba ta shiga ba, sai don in ta shiga ba ni da wurin tsayawa. Na ce shi da ko hannu ba ya wankewa ba zai koya mini aikin asibiti ba, sai na ji daga bakin Madam. Ya ce in hau. Muka kama hanyar Maraɗi, shi ke tuƙi, muna ratsa taɓo da ruwan kwari.

Madam ta saurare ni har na gama. Ba ta yi faɗa ba. Ta ba mu takunkumi, ta shigar da mu wani ɗaki mai warin jabel fiye da bokitina, a nan na gane dalilin da ya sa ba ta taɓa jin nawa ba. Ta fito da ƴan faya-fayai biyu masu murfi, a cikinsu akwai wani abu kamar daskararren koko. Ɗaya duk ya yi ɗige-ɗige, wasu ja, wasu da baƙin tsakiya. Ɗayan kuwa sumul.

“Wannan daga wajensu ne,” ta nuna taubashina. “Yawancin abin da ka gani ba cuta ba ne. Cikin kowane ɗan Adam, ko mai lafiya, akwai ƙwayoyi, kamar yadda kowace gona ke da ciyawa. A cikin ciyawar nake neman abin da nake nema. Wannan kuma naku ne. Malam, kai manomi ne?”

Na ce ina taɓawa.

“In ka shuka gona, aka yi ruwa, ka dawo ka ga ko ciyawa ba ta fito ba, za ka ce gonarka ta fi ta kowa tsabta?”

Na ce, “A'a, sai in ce ƙasar ta mutu.”

“To, wata nawa ina kallon mutacciyar ƙasa ina tambayar kaina. Na zargi zafi, na zargi maganin kasuwa. Ban taɓa zargin kirki ba.”

A nan ne na yi abin da ya fi jabel ɗin muni. Na farko jahilci ne, wannan kuwa da sanina. Na ce mata, “Madam, in na kawo sabo gobe, a robar da ban taɓa ba, ba sai ki duba ba tare da kowa ya ji ba?”

Ta ajiye faya-fayan. Ta ce, “Shuka tana ɗaukar kwana uku. Tsohuwar da ka kwatanta mini, ba ni za ta jira ba. Majonku yana aiki da takardar da na sa wa hannu, takardar kuma ba gaskiya ba ce. Ka koma ka gaya masa yau.”

Muka iso gari da la'asar. Taubashina ya wuce wajen gwaggonsa, ni na nufi asibiti. Majo na buro, yana rubutu ƙarƙashin taswirar nan. Na ɗauki tsintsiya na share ƙofarsa. Na sake sharewa, na kuma sakewa. Na tuna hannun mai gari bisa koren, na tuna yabon da aka yi wa Majo a gaban manyansa, na tuna masu kabu-kabu suna dariya. Ya ɗago ya ce, “Malam Waswasi, za ka cinye mini daɓe. Akwai magana ne?” Na ce babu. Negatif, kamar takarduna. Na ce a raina bari gobe ta yi, ƙila allurar ta kama, ƙila ma da gaske masassarar ce. Na je gida na ce wa taubashina Majo ya fita.

Da safe matata ta tare ni a bakin ɗakin Inna, ta ce ta ga jini a bayan gidanta. Taubashina na tsaye yana ji. Ya dube ni, na sunkuyar da kai, sai ya gane.

“Ashe Majo bai fita ba. Kai ne ba ka faɗa ba.”

Na ce haka ne.

“Kai da kake sake alwala don kana shakkar gwiwar hannu ta jiƙa? To, mu je. Ko ka faɗa da bakinka, ko in faɗa kana tsaye. Gwaggo ba ta da wata goben da za ta ranta maka.”

Daga gidanmu zuwa asibiti ba nisa, amma ban taɓa tafiya mai tsawonta ba. Na tsaya gaban tebur na faɗi komai, daga kashin ɓera har murfin da na juye a robar Inna, har share ƙofar jiya. Majo ya ajiye biro.

“Tun yaushe?”

“Tun kwalin farko.”

Ya juya ya kalli taswirar. Na jira mari, ko zagi, da ya yi da na ji sauƙi. Sai ya miƙe ya buɗe kabad ya ɗauko magani, ya ce da taubashina, “Je ka nemo mota, ko ta kasuwa ce.” Ni kuwa ya ce, “Ɗauki jakar nan ka biyo ni. Maganarmu tana nan, ba yau ba.”

Ya yi mata allurar farko a ɗakinta, ya rubuta takarda, aka kwantar da ita bisa katifa a bayan mota zuwa babban asibiti a Maraɗi. Can aka ɗebi jininta aka shuka, ya tsiro. Taifot ce, ta riga ta fara cin hanji. Likita ya ce da ƙyar ta tsallake wuƙa, da an ƙara kwana ɗaya ko biyu da magana ta sauya. Yana faɗa ina lissafin kwanan da na zubar da tsintsiya a hannu. Ta yi fiye da mako biyu a kwance kafin ta fara zama da kanta.

Majo bai ɓoye ba. Ya rubuta wa manyansa abin da ya faru, ya sa har da nasa, cewa bai taɓa zagayawa bayan magaza ya ga yadda ake aikin ba. Ya cire taswirar daga bango da hannunsa. Ba a kore ni ba, amma an karɓe kula daga hannuna. Da aka koma kai robobi a rufe yadda suka zo, ba a daɗe ba takardunmu suka fara kama da na Cadawa. Mai gari ya daina maganar rijiyar kakanni, aka kawo mana maganin ruwa. Sunana kuma ya tashi daga Malam Waswasi ya koma Malam Jabel. Yara na faɗa, manya na tsawatar musu suna danne dariya.

Abin da bai ba kowa dariya ba shi ne ranar da Majo ya buɗe rajista, ya sa ni zama gefensa, muna bin sunayen duk waɗanda aka rubuta wa negatif. Yawanci sun warke, wasu da maganin da ya ba su bisa ganinsa, wasu sun tafi wani wuri. Amma akwai wata Bafulatana daga ruga, mai kawo mana nono, wadda ta rasu a farkon daminar nan bayan dogon zazzaɓi. Na tambaye shi ko ni ne. Ya ce, “Ba ni da sani, kai ma ba ka da shi. Abin da zai gaya muna, ka kashe shi a roba.” Har yau mijinta in muka haɗu a kasuwa yakan gaishe ni da Hausarsa mai taushi, ya tambayi jikin tsohuwa. Na taɓa ƙoƙarin yi masa bayani, ya ɗaga hannu ya ce kwana ne ya ƙare. Na san gaskiya ya faɗa. Bai rage mini komai ba.

Na koma wajen Madam sau ɗaya, don in ba ta haƙuri. Ta ce in zauna. Ta ce in daina kallon launin taswira kamar hukunci. Wani gari yana bakin kwalta, robarsa na isowa da wuri, sai a samu ƙwaya, a shafa masa ja. Wani yana bayan kwari, kafin ta iso ta lalace, sai ya zama kore. Wani asibiti kowa yake aikowa, wani sai wanda ya galabaita. Wasu mutanen bakin iyaka sukan tsallaka a yi musu gwajin jini na nan take, wanda kan ce taifot ko ga wanda ya yi ta tuntuni ya warke. Wasu kuma sun sha maganin kasuwa kafin su zo. Ta ce, “Sau da yawa ja yana nufin mutanen wurin suna neman cutarsu da kyau. Kore kuma, sai ka tambaya waye ke ɗaukar kula.” Ta yi dariya. Ni ban iya ba.

Inna ta dawo gida ana yankan gero. Ba wanda ya gaya mata, amma a garinmu labari ba ya buƙatar mai kai shi. Wata rana da hantsi tana zaune a inuwar rumbu, taubashina ya zo gaishe ta, ni ina gefe ina gyaran igiya don in samu abin kallo. Ta sha kununta, ta ajiye ludayi.

“An ce wancan ya zuba wa nawa magani don kar baƙi su ji wari.”

Taubashina ya ce, “Haka ne, gwaggo. Murfi guda. Ke ya fi so, shi ya sa ya cika miki mudu.”

Ta kalli kaji. Sannan ta ce, “Ka gaya mishi, shekara biyu ina wanke nashi da hannuna. Hancina bai faɗi ba.”

Ba ta sake tayar da maganar ba har ta bar duniya, shekaru bayan haka, da tsufanta.

Na bar aikin asibiti da kaina bayan shekara, na koma gona. Waswasi bai bar ni ba, har gobe ina komawa in girgiza kwaɗo. Abin da na gane shi ne, duk tsoron nan da nake yi, tsoron kar a ce na yi kuskure ne, ba tsoron kuskuren ba. Shi ya hana ni tambayar Majo ko a wanke robar, tambayar da ba ta wuce numfashi ɗaya ba. Shi ya sa da Madam ta yi mini tambaya na amsa da jabel. Shi ya riƙe mini baki dare guda mahaifiyata na zubar da jini. Na ɗauka ni mai tsantseni ne, ashe rigata kawai nake karewa.

Yanzu in aka ba ni abin da ban gane ba, ko takardar magani ce, ko buhun taki, ina tambaya, ko da za a yi mini dariya. Taubashina kuwa duk zuwansa sai ya leƙa randarmu ya sunsuna, ya ce, “Bawana, a sha, ko ka yi mata tsabta?” Ina dariya tare da shi, don ya ci wannan. Amma in matata na wanki warin jabel ya taso, nakan tashi in bar gidan. Ba tsabta yake tuna mini ba. Ƙofar buro yake tuna mini, a share tas har sau uku, da mutum tsaye a bakinta da tsintsiya yana cewa babu.